Keepalived ko Pacemaker, wanne ya fi mana a Gusau?

Saba biyu (kwamfutocin da ke ba da hidima ta intanet) gare mu nan Gusau, duka Nginx (manhajar da ke isar da shafukan yanar gizo) ke kansu, ga wuta ba tabbas, shi ya sa muke neman manhajar da za ta sa in ɗaya ta mutu ɗayar ta karɓi aiki, wato Keepalived ko Pacemaker. Keepalived dai sauƙi gare shi, fayil ɗaya za ka rubuta, babbar saba na aika sigina duk daƙiƙa 1 ta VRRP (ƙa'idar da sabobi ke bi su yi karɓa-karɓar adireshin IP guda), in ta yi shiru wajen daƙiƙa 3 sai ƙaramar, mai jiran ko-ta-kwana, ta ɗauke adireshin IP ɗin da masu ziyara ke shigowa ta kai. Pacemaker da Corosync (manhajar da ke sadar da sabobin da juna) kuwa wallahi sai ka zauna ka koya, amma Pacemaker yana duba Nginx da kansa, ya tada shi in ya mutu, har ya kashe sabar da ta rikice don kar biyun su riƙa rubuta bayanai lokaci guda. Mu da sabobinmu ba su haɗa ma'ajiyar bayanai ba, Keepalived na ɗauka.