Shagunan Turai huɗu da hayaniyar kasuwar Katako a kan teburina

A Faraku ta ƙasar Benin na fara ganin jirgin ƙasa, ina saurayi ina bin manyan motocin da ke kwaso kayan Nijar. A lokacin jirgi ke ɗauko kaya daga tashar ruwan Kwatano ya sauke a Faraku, motoci su ƙarasa da su ta Gaya zuwa Yamai. Tun ranar abin ya shiga raina. Da aka buɗe tashar jirgin Yamai a watan Afrilun 2014 ina cikin masu leƙe, haka ma da Shugaba Issoufou Mahamadou ya ƙaddamar da layin Dosso a Janairun 2016. Jirgin fasinjan da muka sa rai bai zama na kullum ba, sai na ce to bari in shimfiɗa nawa dogon a ɗakin baƙi.

Shekara uku ke nan ina da ƙaramin layin dogo a kan faifan katako mai santimita 244 tsawo, 122 faɗi. Awon da nake bi shi ne wanda ake kira HO, wato kowane abu an rage shi sau 87. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogon milimita 16.5 ce, mutum kuwa tsayinsa bai wuce santimita 2 ba. In ka buga lissafi, teburin nan nawa fili ne mai tsawon mita 212, bai kai tsawon layin unguwa guda mai kyau ba. Duk da haka jirgi yana ta zagaye a fili fetal, ba gida ba shago, kamar ya ɓace a Tenere. Maiɗakina ce ta fara faɗa mini gaskiya: “Malam, wannan jirgi naka wa yake ɗauka? Ko mai sayar da ruwa babu a tashar.”

Saboda wannan magana na aika wa ɗan ƙanwata da ke karatu a Faransa kuɗi. Da ya zo hutu ya kawo mini kwali biyu: ɗaya na shaguna huɗu na roba da mutum ke haɗawa da kansa, ɗaya kuma ƴar na'urar sauti ce da aka rubuta a jikinta cewa tana ba da hayaniyar birni. Shagunan sun tashi Yuro 45, na'urar Yuro 30. Da yake Yuro guda sefa 656 ne in aka cika, gaba ɗaya abin ya doshi jika 50. Wata bakwai ke nan ina amfani da su, na ga rani da su, na ga damina, don haka ina da bakin magana.

Shagunan dai aiki ne na ƙwarai, ba zan rage musu komai ba. Kowane bango ya zo a jikin sandar roba da lambarsa, takardar bayani zane ce zalla, ko ba ka jin Jamusanci ba za ka ɓata ba. Ƙofa milimita 23 ce, daidai da ƙofar mita 2, har da mariƙinta. Kusurwoyin bango an yanke su a karkace yadda in suka haɗu ba a ganin bakin haɗin. Na yanke sassan da reza, na goge da samfefa mai laushi, na riƙa ɗaukar tagogi da hantsakin da na ara a kwandon kwalliyar ƴata. Gam ɗin da ake amfani da shi narkar da robar yake yi, ɓangarorin biyu su zama ɗaya, saboda haka ɗigo guda ya isa. Na koyi wannan da tsada, domin tagar shagon farko na zuba mata da yawa, gilashin ya yi hazo kamar idon da yana ta rufe, har yau haka yake. Kuma kada kowa ya yi kuskuren da na yi na zama haɗa su da tsakar rana a watan Afrilu. Da zafin Yamai, kafin ka ɗora bango a kan ɗan'uwansa gam ya bushe. Bayan sallar asuba nake aikin, ko da dare in iska ta sauko.

Da na gama na jera su gefen dogo, sai na tsaya ina kallo raina bai kwanta ba. Rufinsu mai tsini ne irin na ƙasar da ƙanƙara ke sauka, da bututun hayaƙi a sama, da tukwanen furanni a taga. Ɗaya gidan burodi, ɗaya kantin magani, ɗaya na littattafai, na huɗun na sayar da agogo. Jikana mai shekara shida ya leƙa ya ce, “Kaka, nan wane gari ne?” Ba ni da amsa.

Sai na koma musu da wuƙa. Rufin biyu na cire gaba ɗaya, na yi musu shafaffen rufi da kwali mai kauri, na ɗaga bangon gaba kaɗan kamar yadda maginanmu ke yi. Rumfar kwano kuwa da takardar azurfa ta cikin gwangwanin madara na yi ta: ka shimfiɗa ta a kan matajin kai, ka bi ramukan da tsinken sakace, sai ga kwano da layukansa. Ƙafafun rumfa ashana ce. Na shafe bangon da fenti ruwan ƙasa, ƙofofi shuɗi da kore irin na ƙarfe da muke gani a Bukoki, sannan na ɗan goga garin gawayi a ƙasan bango inda ƙafa da ruwan sama ke ɓatawa. Allunan suna na buga a wurin masu fotokofi da ƙaramin rubutu: Alimentation générale, Quincaillerie, sai shagon tela, kantin maganin kuwa na bar shi yadda yake na sake masa koren alama kawai. Gaban shagunan na sa mai shayi da bencinsa, da tebur ɗin mai kilishi, kilishin kuwa busasshen bawon albasa ne da na shafa wa jan fenti. Robar ta karɓi duk wannan wulaƙanci ba ta tsage ba, kuma wannan ne babban yabon da zan yi wa kayan.

Abu biyu game da ƙasa da fitila. Jar ƙasar da na tankaɗe na liƙa da farin gam na kafinta tana da ɓurɓushin ƙarfe a ciki. Injin kan jirgi yana da maganaɗisu, zai tsotse su ya lalace. Sai da na bi ƙasar da maganaɗisun tsohuwar lasifika sau uku kafin in zuba, kuma abin da ya manne a jiki ya ba ni tsoro. Fitila kuma, in ka sa ta cikin shagon roba ba ka shafe cikin bangon da baƙin fenti ba, ginin duka zai haska kamar fitilar ƙwai. Na shafa baƙi, na bi da fari, haske ya koma fita ta ƙofa da taga kaɗai.

Yanzu ga na'urar sauti, inda ni da masu ita muka raba hanya.

Akwati ne kamar na ashana babba, da ƴar lasifika da maɓallai shida. Haɗa shi ba wuya, waya biyu ce zuwa taransifomar da ke ba fitilu wuta. Na danna na farko, sai ƙararrawar coci. Na biyu jirgin cikin gari na lantarki yana ƙara a kwana. Na uku ruwan sama da takun takalma masu tsini a kan dutse. Akwai jiniyar motar asibiti, akwai ta yara a filin wasa, akwai wadda suka kira hayaniyar titi. Sautin a tsabtace yake, ba shi da shuu. Amma birnin da ke cikin akwatin nan ba wanda ke ciniki a cikinsa, ba mai kiran kowa, ba akuya, ba kabu-kabu. Motoci na wucewa ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. Wannan ban ɗora musu laifi ba, don garinsu suka yi.

Laifin da na ɗora musu shi ne gajarta. Hayaniyar titin daƙiƙa 40 ce take komawa farko, kuma a tsakiyarta akwai kare mai haushi sau biyu. Kunnen ɗan Adam ba ya mantuwa da irin wannan. A zagaye na uku ka san inda karen zai shigo, a na biyar ka fara jiransa. Ranar da na ga jikana ya ɗaga yatsa yana ƙirga, ya yi “wau wau” daidai lokacin da karen ya yi, na san kuɗina sun tafi. Ba a kuma yi masa ramin katin memori ba, balle ka zuba naka sautin. Ga wani aibin: in aka ɗauke wuta aka dawo da ita, na'urar na tashi da kanta da cikakkiyar murya. Wani dare cikin watan Mayu na manta ban zare ba, wajen ƙarfe uku wuta ta dawo, sai ƙararrawar coci ta cika gidan. Maiɗakina ta fito da salati. Da safe ba ta ce komai ba, ta dai ajiye mini akwatin kusa da kofin shayi, wayoyinsa a naɗe.

Mafita a kasuwar Katako ta nan Yamai na same ta, wurin wani yaro mai gyaran rediyo. Na yi masa bayani, ya yi dariya ya ce, “Baba, ai wannan ƙaramin aiki ne.” Ya nuna mini wani ɗan allo da ake kira DFPlayer Mini, bai fi kan babban yatsa ba. Yana cin wuta volt 5, yana karanta katin memori har mai giga 32, kuma yana iya tuƙa ƙaramar lasifika kai tsaye ba sai an ƙara masa amfilifaya ba. Sunayen sautukan lamba ake ba su, 0001, 0002, haka. Ya liƙa mini wayoyin da dalma, muka haɗa shi da batirin cajin salula, kenan ɗauke wuta bai shafe shi ba. Guda biyu na saya, duka da lasifikokin ba su kai rabin kuɗin akwatin Turai ba.

Sautin da kaina na ɗauko da salula. Na zauna a rumfar wani abokina a Katako wajen awa guda, bayan na gaya wa maƙwabtansa abin da nake yi, don zamanin nan ba a ɗaga waya a kasuwa haka kawai. Na sa wa wayar safa saboda iska. Abin da ya shiga ciki ya fi ƙarfin abin da na zata: bugun maƙera masu tukwanen alminiyom daga nesa, mai amalanke yana neman hanya, Zabarmanci da Hausa suna cuɗanya, ƙahon taksi, wani yana rantsuwa cewa ko uwar kuɗi bai mayar ba. Wata rana kuma na tsaya kusa da gadar Kennedy da yamma na ɗauki gurnanin motoci. Ɗan ƙanwata ya nuna mini manhajar Audacity, kyauta ce, da ita na yanke na haɗa minti 12. Na cire duk inda maganar mutum ta fito sarai har a gane mai ita, musamman wata rigimar bashi da ba ta kamata ta zauna a ɗakina tana maimaituwa ba. Kiran salla ma ya shiga, na cire shi. Ban ga dacewar ya riƙa tashi kowane minti 12 a cikin kayan wasa ba, ana hira ana dariya a kai.

Darasin da ya fi ba ni wahala shi ne na ƙarfin murya. Da farko na buɗe sosai don in ji daɗin aikina, sai garin ya zama rediyo kawai. Mai kallon tebur daga tsaye kamar wanda ke kan bene ne yana hangen kasuwa daga mita 80 ko 100, abin da zai iso kunnensa gunaguni ne. Na yi ta ragewa har sai da ya zama in jirgi ya zo wucewa ƙarar ƙafafunsa na danne kasuwar, in ya wuce ta dawo. A nan abin ya zauna. Lasifika kuma in tana tsirara muryarta siririya ce kamar ta sauro, saboda iskar gabanta da ta bayanta suna kashe juna. Na zaunar da kowace a bakin gwangwanin tumatir na toshe gefen da gam, murya ta yi kauri nan take. Ɗaya na ɓoye a cikin shagon tela, ɗayar a ƙarƙashin tebur can ƙarshen titi, don kasuwa ta fito daga hagu, motoci daga dama.

Wanda ya tambaye ni, shagunan a saya, ko da za a yanka su kamar yadda na yi, domin tagogi da ƙofofi masu wannan kyau ba a yin su da hannu cikin sauƙi. Akwatin sauti kuwa a tambaya tukuna: yana karɓar kati, kuma minti nawa yake yi kafin ya maimaita? In amsar babu ce da daƙiƙoƙi, a bar shi a kanti. Nawa yana nan cikin durowa.

Ƙura ce abin da ban gama da ita ba. Da hunturu ko na rufe teburin da tsohon zane, sai na goge dogo da alkol na kantin magani kafin jirgi ya yarda ya motsa, rumfunan kwano kuma da buroshin fenti mai laushi nake bin su ɗaya ɗaya. Maiɗakina ta zo ta tsaya a kai shekaranjiya, ta kasa kunne, ta ce ta ji kasuwa amma har yanzu ba ta ga mai ruwan da ta ce ba. Na samu ƙafafun wata tsohuwar motar wasa da za su yi kura, jarkokin ne nake ta tunanin abin da zan yanka su da shi, don kowace ba za ta wuce milimita 5 ba.