Katunan koyon siffanta 'yan gida da Turanci: abin da na gani bayan wata 3

Wata 3 ke nan da katunan nan suka shigo gidanmu, har kwalinsu ya fara yagewa ta gefe, don haka ina ganin yanzu ina da bakin magana a kansu. Ba wani dogon nazari ya sa na saye su ba. 'Yata mai shekara 8 ce ta dawo da aikin gida, an ce ta rubuta jimla 5 da Turanci game da mutanen gidansu. Ta duƙufa ta rubuta "My mother is good", "My father is good", haka dai har ta kai kan kakarta, kowa "good". Na ce, "To ke duk gidanku babu dogo babu gajere, babu mai surutu babu mai shiru-shiru?" Ta ce, "Mama, ai ita kaɗai na sani." Na taɓa koyarwa a firamare na 'yan shekaru, shi ya sa amsar ta tsaya mini a rai. Yarinyar da za ta iya kwaikwayon tafiyar kowa a gidan, ta faɗa maka wa ke saurin fushi da wa ke yawan dariya, an bar ta da kalma ɗaya tal.

A cikin kwalin akwai kati 60 masu kauri, an lulluɓe su da leda mai sheƙi. Guda 20 na dangi ne, uwa, uba, kaka da sauransu, 40 kuma na sifofi. Akwai ɗan littafi mai shafi 24 na wasanni, da wata alama a bayan kowane kati da ake haskawa da waya a ji yadda ake furta kalmar. Wajen ƙarko ba ni da ƙorafi. Autanmu mai shekara 4 ya tauna guda 2, ya jiƙa ɗaya da ruwa, duk suna nan da ransu.

Abin da ya fara burge ni shi ne yadda aka jera sifofin biyu-biyu, kowace da kishiyarta: "tall" da "short", "old" da "young", "quiet" da "noisy". Idan yaro ya manta ɗaya, ɗayar ce ke jawo masa ita. Wasan farko a littafin na motsa jiki ne. In na ce "tall" su yi ɗage su miƙa hannu sama, in na ce "short" su tsuguna, in na ce "old" su ranƙwafa kamar masu dogara sanda. Littafin bai faɗi inda ya samo dabarar ba, amma tsohuwa ce. Wani Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam, James Asher, shi ya fito da ita a shekarun 1960, bisa hujjar cewa yaro yana fahimtar magana ya amsa da jikinsa tun kafin bakinsa ya buɗe. Na ga gaskiyar hakan a kan ɗana mai shekara 6, wanda kunya ke hana shi magana da Turanci. Kwana 4 yana tsugunawa yana miƙewa bai ce uffan ba, a na 5 sai ga shi shi ne ke ba da umarni.

A mako na biyu muka shiga jimla, a nan ne aikin ya fara nuna haƙoransa. Ɗan nawa ya ɗaga katin uba ya ce, "He has tall." Na gyara masa. Ya ɗaga na kaka ya ce, "She has kind." Sai da na yi shiru na saurari abin da ke ƙarƙashin maganarsa kafin na gane ba shirme yake yi ba, Hausa yake yi da kalmomin Turanci. Mu ai cewa muke yi yana da tsawo, tana da kirki, yana da haƙuri, kamar yadda muke cewa tana da gashi. Da "da" ɗin nan guda muke ɗaukar hali da siffa da mallaka gaba ɗaya. Turanci kuwa ya raba hanya: abin da mutum yake, "is", abin da ke jikinsa kamar gashi ko gemu ko idanu, "has". A nan masu katunan suka yi abin da na fi yaba musu a kai. Duk katin da ke tafiya da "is" an zagaye bakinsa da shuɗi, wanda ke tafiya da "has" da ja. Ban yi wani bayanin nahawu ba, sai dai in ce, "Duba bakin katin." Cikin mako guda kuskuren ya ragu sosai, yanzu har su ke kama juna.

Sai dai akwai wuraren da launi bai isa ba, domin wanda ya tsara katunan bai san da wane harshe yaron zai zo ba. Kalmar dogo a wurinmu ta mutum ce, ta igiya ce, ta hanya ce. Saboda haka ranar da 'yata ta ce "My father is long" ban yi mamaki ba, ko da yake babansu ya yi dariya har da riƙe ciki. Katunan suna da "tall" suna da "long", kuma kishiyar kowannensu "short" ce, amma littafin bai ce komai a kan bambancin ba. Ni na ƙirƙiro musu doka: abin da ke tsaye ana auna shi daga ƙasa zuwa sama, kamar mutum ko bishiya, "tall", abin da ya miƙe kamar gashi ko hannu, "long". Ba ta rufe ko'ina ba, amma ta ishe su a wannan mataki.

Wani wurin kuma sauƙi suka samu. Yaron da ya saba da dogo, doguwa, dogaye, ko gajere, gajeriya, gajeru, in aka ce masa sifar Turanci ba ruwanta da jinsi ko adadi, sai ya ga kamar an rage masa kaya. 'Yata ta ɗan yi ta cewa "My brothers are talls", don an koya mata jam'i yana ɗaukar "s", amma sau biyu aka gyara ta bari. "He" da "she" ma ba su ba su wahala ba, tunda shi da ita suna bakinsu tun suna rarrafe.

Katunan dangin su ne suka fi jawo gardama. Ɗana ya riƙe katin "brother" ya tambaye ni, "Mama, wa ne ko ƙane?" Na ce duka. Ya dube ni kamar na yi masa ƙarya. Da muka zo kan "uncle" na ce kawu ne kuma baffa ne, "aunt" gwaggo ce kuma inna ce, "cousin" kuwa ko mace ko namiji duk ɗaya, sai yayarsa ta ce, "Ashe Turanci talaka ne." Ban musa mata ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne a cikin kati 40 na sifofi babu "older" babu "younger", alhali da su ne yaro zai iya raba yayarsa da ƙanwarsa. Sai da na yanka kwali na rubuta su da hannuna.

Haka ma kwatance, babu shi ko kaɗan. Duk wanda ya zauna da yara ya san ba abin da suke so kamar "na fi ka tsawo". Da suka iya "tall", tambaya ta gaba ita ce yaya za su ce sun fi. Mu da aikatau ɗaya, fi, muke gama komai. Turanci kuwa gajeriyar sifa mai gaɓa ɗaya tana ɗaukar "er" a ƙarshe, doguwa kamar "beautiful" tana ɗaukar "more" a gaba, "big" tana ninka baƙinta na ƙarshe ta zama "bigger", "funny" ta zama "funnier". Na koya musu guda 4 kawai na tsaya, duk da haka har yau ɗana "more taller" yake cewa in gardama ta yi zafi.

Maimakon wannan, shafin ƙarshe na littafin an ɓata shi a kan jerin sifofi in sun taru gaban suna: ra'ayi, girma, shekaru, fasali, launi, asali, abin da aka yi abu da shi, sannan amfaninsa. Jerin gaskiya ne, haka masu harshen ke magana ba tare da sun sani ba. Amma wa zai ɗora wa ɗan shekara 6 rukuni 8? Mu dai "long black hair" muka yi ta rerawa da tafi har ya zauna a kunne.

An rubuta a kwalin cewa na 'yan shekara 4 zuwa 10 ne, masu farawa daga tushe. Wannan cika baki ne. Na kwatanta da jerin kalmomin jarrabawar yara ta Cambridge mai mataki 3, Starters da Movers da Flyers. Kalmomi irin su "curly", "straight", "beard", "moustache", har da "uncle" da "aunt", a mataki na biyu suke, ba na farko ba. Autanmu "big", "small" da "baby" kawai ya ɗauka, sauran kuwa a wurinsa kayan wasa ne.

Akwai kuma katunan da kusan asara ce a gare mu, na gashi mai ruwan zinariya, da shuɗayen idanu, da ɗige-ɗigen fuska. Ba laifi yaro ya san su, amma babu wanda zai ɗora su a kansa a gidan nan, kalmar da ba ta da mai ita kuwa ba ta kwana. Mafi muni su ne "fat" da "ugly". An zuba su cikin sauran ba tare da ko layi ɗaya na gargaɗi ba. Ranar da gwaggonsu ta zo, na ce ɗana ya nuna mata abin da ya koya. Ya tsaya gabanta, ya ƙare mata kallo, ya ce da ƙarfi, "You are fat and old." Jimlar ba ta da kuskure ko ɗaya, ita kuma tana jin Turanci sarai. Allah ya sa mai raha ce, ta ce, "Lallai ɗan nan, kuɗin makarantarka bai faɗi ƙasa ba." Ni kuwa na so ƙasa ta tsage. A daren na cire "ugly" gaba ɗaya, na zaunar da su na ce akwai kalmar da ake sani amma ba a jefa wa mutum ita a fuska.

Wani abin ya fi wannan nauyi. Yarinyar maƙwabta kan shigo ta zauna da mu. Na bi littafin ido rufe, na ce kowa ya ɗauki katin uba ya siffanta babansa. Ta riƙe katin ta yi shiru. Na san mahaifinta ya rasu, mantawa na yi, kuma laifina ne kafin na littafin. Amma wanda ya rubuta wasanni don yara ya kamata ya tuna ba kowane gida ne ke da duk mutanen da ke cikin kwalinsa ba. Tun daga ranar cewa nake yi kowa ya zaɓi wanda yake so a gidansu.

Muryar da ke waya tana fita tangaran, amma sau ɗaya take faɗin kalma, da sauri, kuma sai da intanet kowane lokaci, ba a iya saukewa. Ta taɓa ɗaukewa mako guda cur, na rubuta wa masu katunan, amsa ba ta zo ba sai bayan kwana 9. Ga shi kalmomin dangi cike suke da sautin da babu shi a Hausa, wanda ake sa harshe tsakanin haƙora: "mother", "father", "brother", da ɗan'uwansa marar ziza, wato wanda maƙogwaro ba ya kaɗawa wajen furta shi, a "thin". Yara sai su mai da shi "d" ko "z" ko "t". Madubi ya fi wayar amfani, kowa ya ga bakin harshensa ya leƙo. "Strong" kuma har yanzu "sitirong" ce a bakin ɗana, na ƙyale shi tukuna.

Don kada kalmomin su zube, na yi amfani da dabarar wani ɗan jarida Bajamushe, Sebastian Leitner, ta shekarar 1972. Ƙananan kwalaye 3: wanda ba a iya ba kullum ake duba shi, wanda aka fara iyawa bayan kwana 3, wanda ya zauna sau ɗaya a mako. In an kasa kati, ya koma kwalin farko. Minti 10 ya ishe mu.

Amma abin da ya juya al'amarin gaba ɗaya ba ya cikin kwalin. Wata rana na ajiye katunan dangin a gefe, na ɗauko hoton da muka ɗauka mu duka, na sa a tsakiya, na ce su ɗora wa kowa sifar da ta dace da shi. Nan take aka kaure da musu. Wannan ya ce kawu "funny" ne, waccan ta ce a'a "noisy" ne, aka koma neman kalmar mai saurin fushi wadda babu ita a katunan, sai da muka buɗe ƙamus. Fuskokin da aka zana a katin ba a san su ba, ba wanda zai yi gardama a kansu. Kawu kuwa kowa yana da ra'ayi a kansa. Da za a ce in sake saye, zan saya saboda katunan sifofin da dabarar shuɗi da ja, amma ba zan ba wa wanda ke son ya miƙa wa yaro kwali ya tafi sabgarsa shawarar saye ba.

Makon jiya an sake ba 'yata irin wancan aikin. Ta rubuta cewa kakarta "short and funny" ce, tana da "small hands", kuma ta girmi kowa. Da ta zo kaina ta rubuta, "My mother is tall and noisy." Na ce ta goge ta biyun. Ta ɗauko katin ta nuna mini bakinsa, ta ce, "Mama, shuɗi ne, ai daidai na rubuta."