Kayan gyaran fata da na ɗumama ɓeran gwaji kafin tiyata: me za a saya?

Zafin jikin lafiyayyen ɓera yana tsakanin digiri 36 da 38. Da zarar maganin barci ya kama shi, ko isoflurane ne ko haɗin ketamine da xylazine, jikinsa ya daina riƙe ɗumi. A shimfiɗe shi kan teburin ƙarfe minti 20, sai numfashi ya ragu, farfaɗowa ta yi jinkiri, wani ma ba ya tashi. Saboda haka in kuɗi sun yi kaɗan, a fara zuba su kan abin ɗumama. Maganin wanke fata ba shi da tsada.

Mafi aminci shi ne katifar da famfo ke zagaya ruwan ɗumi a cikinta. A saita ta tsakanin digiri 37 da 40, zafin yana bazuwa daidai ko'ina. Wadda ta fi ta daidaita zafi ita ce mai ɗan ma'aunin zafi da ake sawa a duburar ɓeran, tana ƙara zafi ko ta rage da kanta. Tana da tsada, kuma tana da wani haɗari: in ma'aunin ya zame ya fito, na'urar za ta ɗauka dabbar ta yi sanyi, ta yi ta ƙara wuta. A manne shi da filasta a jikin wutsiya.

Inda ake yawan ɗauke wuta, katifar Deltaphase ta fi rufin asiri. Ana ɗumama ta tukuna, sannan ta riƙe zafi kusa da na jikin dabbar na tsawon sa'o'i ba tare da lantarki ba. Mai sayen na'ura daga Amurka ya duba ƙarfin wutarta: da yawa na bolt 110 ne, Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230 suke bayarwa.

Katifar lantarki ta gasa baya da ake sayarwa a kemis, a bar ta. Wani gefen yana fin wani zafi, ɓeran da ke barci kuwa ba zai matsa ba, ƙunar ma ba ta bayyana sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Fitilar ɗumi tana busar da ido. Safar hannu da aka cika da ruwan zafi tana hucewa, daga nan ita ke zuƙe ɗumin dabbar. Ko wace aka zaɓa, a sa tawul tsakaninta da fata.

Wajen aski, kilifa mai baki lamba 40 ta wadatar. Reza tana tsattsaga fata. Man cire gashi irin Veet yana aiki, amma in ya wuce minti ɗaya ba a wanke ba yana ƙona fata. A aske kamar santimita 2 kewaye da inda za a yanka, nesa da teburin tiyata. Aske ciki gaba ɗaya cire wa dabbar bargo ne.

Wajen maganin wanke fata, tsakanin chlorhexidine na kashi 2 cikin 100 da aidin na povidone, na farkon ya fi daɗewa yana aiki a fata, jini kuma ba ya kashe ƙarfinsa kamar yadda yake rage na aidin. Sai dai yana lalata ido da cikin kunne, don haka in aikin a ka ne, aidin da aka sirka ya fi. Ana gogawa sau uku da auduga, daga tsakiya zuwa waje, ana ɗauraye wurin bayan kowane zagaye.

A wajen ɗaurayewar nan ake yawan ɓarna. Sifirit na kashi 70 yana bushewa da sauri yana tafiya da zafin jiki, musamman in an kwarara shi har gashi ya jiƙe, kuma yana kama wuta in za a yi amfani da na'urar ƙona jijiyar jini don tsayar da jini. Ruwan gishirin asibiti da aka ɗumama zuwa digiri 37 yana maye gurbinsa. A haɗa da man ido a cikin sayayyar, domin ɓera ba ya rufe ido in yana barcin magani.

Kejin farfaɗowa a ɗora rabinsa kawai kan katifar ɗumi, don in ɓeran ya fara motsi ya iya komawa gefen da ba zafi.