Injin markaɗe ko garin furotin: wanne ya fi amfani bayan tiyatar rage ƙiba?

'Yar'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Tsakanin abubuwa biyun da kika ambata, wato tara garin furotin (sinadarin gina jiki) da abincin kwalba na kanti irin na jarirai, ko sayen ƙaramin injin markaɗe domin haɗa abinci mai laushi a gida, injin nake ba ki shawarar ki saya. Na sayi duka biyun lokacin da aka yi mini tawa tiyatar, irin wadda ake cire kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, kuma har yau injin yana ɗakin girkina, alhali yawancin garin zubar da shi na yi.

Ba zan manta da ranar da aka ba ni izinin fara cin abincin da aka markaɗa ba, a farkon mako na uku, bayan na shafe makonni biyu ba abin da yake shiga bakina sai ruwa-ruwa mai zaƙi-zaƙi. Ƙanwata ce ta turara farin kifi, ta bi tsokarsa da yatsa har sau biyu tana tsince ƙaya, sannan ta zuba shi a injin tare da romonsa da ɗan guntun karas da ya dahu luguf. Ta kawo mini a kofin shayi da ƙaramin cokali. Abin bai wuce cokali uku na cin abinci ba, amma sai da na ɗauki minti ashirin ina kallon agogo kafin na gama, kuma a ranar ce na fara jin cewa zan koma cin abinci kamar sauran mutane. Ɗumin nan da ɗanɗanon gishiri-gishiri da ƙamshin romo, babu garin gwangwanin da ya taɓa ba ni irinsu.

Amfanin injin ya wuce daɗin baki. A wannan mataki ana so mutum ya samu furotin giram 60 zuwa 80 a rana, domin da shi ne rauni yake warkewa, kuma shi ne yake hana tsokar jiki zubewa tare da kitse, ga shi kuma tumbin ba ya ɗaukar fiye da 'yan cokula a zama ɗaya. Saboda haka kowane cokali sai an yi masa lissafi. Ƙwai ɗaya yana da furotin wajen giram 6, kifi dafaffe giram 100 yana da sama da giram 20, tsokar kaza kuma ta ɗara haka. Idan ke kike haɗawa, ke kika san abin da ya shiga ciki. Cinyar kaza da aka cire wa fata aka dafa har ta saki ta fi ƙirji markaɗuwa, domin ƙirji yakan yi zare-zare ya bushe a maƙogwaro. Wake a surfe shi, a dafa har ya narke, a markaɗa sannan a tace da rariya mai ƙananan idanu, sai dai a fara da kaɗan saboda yana sa kumburin ciki. Ƙwai a kaɗa shi da ɗan madara a dafa a wuta kaɗan, a sauke tun yana da danshi. Yogot marar sukari ba ya ma bukatar inji. Kabewa da karas da ayaba suna zuwa ne daga baya, idan an cinye na furotin kuma da sauran wuri.

Kada ki sassauta markaɗen da ruwa zalla. Ki yi amfani da romon da aka kwashe man da ya taso a kansa, ko madara mai ƙarancin kitse, har ya yi kaurin yogot, ya sauka daga cokali a hankali ba tare da gudaji ko ɗaya ba. Tunda abin da za ki ci kaɗan ne, ki zuba ragowar a farantin daskarar da ƙanƙara ki sa a firiza, duk lokacin ci ki ciro ƙwaya biyu ki ɗumama sosai. Wannan dabarar ce ta hana ni tsayuwa a gaban murhu sau biyar a rana ina fama da ciwon ɗinki.

Daga mako na biyar ko makamancin haka, gwargwadon tsarin asibitinki, za a matsar da ke zuwa abinci mai laushi da ba a markaɗa ba, kuma ma'auninsa shi ne cokali mai yatsu ya iya murƙushe shi ba da ƙarfi ba. Burodi da shinkafa da taliya da gasasshen nama su jira tukuna, domin sukan dunƙule su tsaya a ƙirji. Ki riƙa gwada sabon abu ɗaya kawai a rana, yadda idan wani ya ƙi karɓar ki za ki san wanne ne.

Garin furotin kuwa, ba zan ce ba shi da amfani ba. A makonni biyun farko da ba a cin komai sai abin sha, da kuma ranar da ciki ya ƙi abinci, yana cike giɓi. Iyakarsa ke nan a wurina. Na sayi manyan gwangwanaye uku tun kafin tiyata, bayan tiyata kuma ɗanɗanon bakina ya sauya, zaƙinsu ya koma tayar mini da zuciya, ɗaya ma yana murɗa mini ciki saboda sukarin madarar da ke cikinsa. Abincin jarirai na kwalba ya fi shi rashin amfani, domin akasarinsa 'ya'yan itace ne da kayan lambu, furotin ɗinsa kaɗan ne, sukarinsa kuma yana iya zarcewa hanji da sauri ya jawo jiri da zufa da bugun zuciya da gudawa cikin minti 10 zuwa 30 da ci. Wannan ya fi samun waɗanda aka yi wa tiyatar da ake haɗa ɗan ƙaramin tumbi kai tsaye da hanji, amma mu ma da aka yanke wa tumbi ba mu tsira gaba ɗaya ba.

Ba ki tambaye ni wannan ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa, musamman a intanet. Akwai masu miƙo wa mutum garin da aka yi domin masu son ƙara ƙiba su ce na furotin ne, alhali yawancinsa sukari ne da sitaci. Akwai masu liƙa sabuwar takarda a kan ranar ƙarewar wa'adi, akwai kuma masu shayin da suke cewa yana tsuke tumbi ko yana maye gurbin ƙwayoyin bitamin da likita ya rubuta. Wannan na ƙarshen ya fi tayar mini da hankali, domin bitamin B12 da sinadarin ƙarfe da kalsiyam da bitamin D abubuwa ne da jiki yake rage tsotsa bayan wannan tiyata, kuma barin shan su yana iya kai wa ga ƙarancin jini da lalacewar jijiya. Ki duba murfin ki tabbatar ba a taɓa buɗe shi ba, ki karanta jikin gwangwanin ki ga awo ɗaya yana da furotin giram 20 ko fiye da sukari kaɗan, sannan ki ɗauki hotonsa ki nuna wa mai kula da abincinki a asibiti kafin ki biya.

Ko wanne kika ci, kada ki haɗa shi da shan ruwa. Ki bari minti 30 su wuce bayan ci, sannan ki ci gaba da kurɓa kaɗan-kaɗan har ki kai lita ɗaya da rabi zuwa biyu a wuni, ban da lemo mai gas. Idan amai ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya zo, ko ciwon ciki ya tsananta, asibiti za ki koma a ranar.

Ki sayi injin mai ƙaramin kofi, domin a babban injin abincin cokali huɗu maƙalewa yake yi a ƙarƙashin wuƙar ya ƙi markaɗuwa. Ki haɗa da rariya da farantin ƙanƙara biyu. Garin furotin kuma ƙaramin gwangwani ɗaya marar ɗanɗano ya ishe ki, wanda za ki iya barbaɗawa a yogot ko a romon da ya ɗan huce, kuma kada ki sayi na biyu sai na farkon ya ƙare.