Wanda ya ci maka bashi ya ƙi biya, wace kotu za ka kai shi?

Da farko don Allah ka cire caji ofis daga lissafi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum kan bashi zalla, in ka sa aka kulle shi yana iya juyowa ya maka ka kan tauye masa haƙƙi, ga kuɗinka ba su fito ba ga sabuwar rigima.

In kuɗin ba su kai wani abu can ba, ni dai kotun ƙananan basussuka nake ba mutane shawara. Legas ta fara a 2018 da iyakar naira miliyan 5, Kano ta biyo baya, a ƙarƙashin majistare take. Ba dole sai da lauya ba, fom za ka cike, amma kafin nan sai ka aika masa takardar neman biya ka ba shi kwana 14, sannan ƙa'idarsu a gama shari'ar cikin kwana 60. Wannan ta fi dacewa da ɗan Kantin Kwari da ya ba da dilar atamfa bashi, yana da rasit, yana da alat na ɗan abin da aka fara biya, ga saƙon WhatsApp inda mutumin ke cewa "Alhaji a ƙara min haƙuri zuwa bayan sallah". Wallahi kar ka goge irin wannan saƙon, amsa bashi ne da bakinsa.

To in babu rubutu fa, amana ce kawai tsakaninku? Nan kotun shari'ar Musulunci ta fi sauƙi in dukkanku Musulmi ne, mai ƙara ya kawo shaidu, wanda ya musa ya yi rantsuwa, kuma da yawa sun gwammace su biya da su dafa Alƙur'ani. Amma uwar kuɗinka kawai za ka nema, ba ruwanta da kuɗin ruwa.

Babbar kotu ta manyan kuɗi ce, galibi sai da lauya, kuma tana cin lokaci.

Kar ka yi ta jan ƙafa ma, a Legas da Abuja in bashi ya shekara 6 ba ka kai ƙara ba an rufe ƙofa.

Sannan ka sani hukunci daban, kuɗi a hannu daban. In ya ƙi biya bayan ka yi nasara sai ka koma a ba bankinsa umarnin cire maka daga asusunsa, ko a kwashe kayansa a yi gwanjo, shi ya sa tun kafin ka shigar da ƙara ka san bankin da yake ajiya da inda shagonsa yake.