Hattara da mai sayar da ruɓaɓɓen lagireto da sunan ɗan Beljiyam

Jama'a, musamman direbobi da masu ƙananan motoci, a yi hattara. Akwai wani da ke tallar kayan mota a Facebook da WhatsApp, yana cewa lagiretocinsa 'yan Beljiyam ne, yanzu aka sauke su daga kwantena. Wallahi ƙarya yake yi. Wurin 'yan gwangwan yake tsinto su, ya liƙe, ya fesa fenti, sai ka tura kuɗi ya sa maka a motar haya.

Ni ya yi wa. Lagireton Corolla ɗina ya tsage ta robar sama, na ga nasa da araha na saya. Da ya iso muka cika shi da ruwa a gareji, ko ɗigo bai zubar ba, muka ɗaura. Kwana huɗu bayan nan na kama hanyar Zariya da iyalina, kafin Kwanar Dangora allurar zafin inji ta haye ja, tururi ya turnuƙe gaban mota. Gaskit ya ƙone, sai janyo ta aka yi.

Da bakanikena ya kankare fentin, ya ce: "Alhaji, zo ka gani da idonka." Siraran bututun da ruwa ke bi, da yawansu an matse bakinsu an cike da gam. A nan cutar take. Aikin lagireto shi ne ruwan da ya ɗebo zafin inji ya shigo ta tiyon sama, ya rarrabu cikin waɗannan bututu, iskar hanya da ta fanka ta huce shi, famfo ya sake ja ya mayar cikin inji. Duk bututun da aka toshe ya daina yoyo, amma kuma ya daina sanyaya komai. A cikin gari ba za ka gane ba, sai ka ɗau lodi ka miƙi hanya da rana.

Gwajin da muka yi ma ba gwaji ba ne, kuma wannan ya fi ci mini rai. Ruwan sanyi a lagireton da ke ajiye a ƙasa ba ya tona asirin komai. In inji ya yi zafi, murfin lagireto yana riƙe matsi kusan bar ɗaya (ma'aunin matsi ke nan) don kada ruwa ya tafasa a digiri 100, to wannan matsin ne ke ɓalle liƙin gam. Gwajin gaskiya shi ne a toshe bakunan, a hura iska, a tsoma shi cikin ruwa a ga ko zai yi kumfa. Sannan a zuba ruwan zafi a shafa hannu ko'ina. Inda ya tsaya da sanyi, a toshe yake.

Masu mota otomatik ku ƙara lura, domin man giya yana ratsa wani bututu a cikin tankin lagireto. In ya fashe, ruwa ya haɗu da man, giyar ma ta tafi.

In za ka sayi na hannu, ka ɗauki tsohon naka da bakanikenka ku je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a gwada tsayi da bakin tiyo a gabanka, ku yi sharaɗin mayarwa kafin kuɗi ya fita. Sabon fenti a jikin tsohon kaya kuwa, ajiye shi kawai.

Na kira mutumin sau uku, a na huɗu ya rufe layina. Jiya na ga hotunan nan dai nasa a wani shafi, da sabon suna.