Kwana 2 a hamada da kamfanin yawon buɗe ido, direban ne ya fitar da su kunya

Tunda na dawo ake ta tambayata ya tafiyar ta kasance, to ga shi tsakani da Allah. Mu huɗu muka kama gurbi, suka ba mu fowil (mota mai ja da tayoyi huɗu) da direba wani dattijo, kuma wlh wannan bawan Allah shi na fi yabawa a duk tafiyar.

Muna sauka daga kwalta ya faka ya ɗauko geji ya tsuguna yana sace iskar tayoyi, hankalina ya tashi nace Baba lafiya? Yace ɗana matso ka gani. Daga 35 ya sauke zuwa 18, tayar ta ɗan baje a ƙasa, yace haka take taka rairayi da faɗi bata nutsewa, amma ba gudu ba karya kwana da ƙarfi kar ta fita daga rim. Tudun rairayi ma ashe ba kowane gefe ake hawa ba, gefen da iska ke bugawa ya fi tauri kuma a kwance yake, ɗaya gefen kuwa a tsaye yake ga laushi, sai da ya sa ni na taka da ƙafata na ga ta shige har idon sawu sannan na gane.

Kyan wajen kam ba a magana. Mun fita tun duku-duku, rana na leƙowa tuddan nan suka koma ja kaman an zuba musu garwashi, ga zanen iska a jikin rairayin layi-layi ga sawun ƙwaro ɗan siriri ya ratsa, kuma Baba bai taɓa gaggauta mu ba duk inda muka ce a tsaya sai ya tsaya. Da rana ta take muka hango kawalwalniya shimfiɗe kaman tafki, har abokina ya rantse ruwa ne.

Inda suka ɓata min rai, mota biyu suka yi mana alkawari ɗaya ta zo, a wajen da ba netwok ko ɗigo, in ta lalace fa? Ruwan sha ma sun yi ƙwauro, a irin wannan zafin mutum ɗaya na buƙatar aƙalla lita 4 a wuni, Allah ya so mun riƙo namu jarkar. Ga barguna kaman gyale, alhali hamada in dare ya yi ba gajimaren da zai riƙe ɗumi sanyi ne ke sauka har ƙashi, haka na kwana ina kallon taurari ina rawar ɗari.

Zan koma in sha Allah, amma sai na ga mota ta biyu da idona kafin in biya, kuma Baba nake so a sitiyari.